Me ya kai Dolly Parton gidan rok? Fashin baƙi kan kundin haɗaka mai tsallake iyakar kiɗa

A ranar 17 ga Nuwamban 2023 Dolly Parton ta fitar da kundin waƙoƙi mai suna Rockstar. Shekararta 77 a lokacin, kuma tun shekarun 1960 duniya ta san ta da kiɗan kantiri, irin wanda manyanmu suka riƙa ji a rediyo da kaset tare da na su Don Williams da Jim Reeves da Kenny Rogers. Kwatsam sai ga ta da waƙoƙi 30 na rok, mai kururuwar jita da dukan ganga, kuma mafi yawansu ba ita kaɗai ta rera ba. Ta gayyato Paul McCartney da Ringo Starr, da Elton John, da Sting, da Stevie Nicks, da Miley Cyrus, da wasu da dama.

Wasu suka ce ta bar gida. Wasu suka ce neman kasuwa ne kawai. Da yawa kuma sun ɗauka cewa duk waɗannan mutane ɗaki guda suka taru suka yi waƙa. Kowanne daga cikin zantukan nan yana buƙatar gyara. Tambayar da ta fi dacewa a yi ita ce: idan mawaƙi zai tsallaka daga salon da aka san shi da shi zuwa wani, me ya sa kusan kullum sai ya riƙo hannun wani?

## Wa ya shata iyakar tun farko?

Kalmar kantiri a Turance karkara take nufi. Kiɗa ne da ya tsiro a kudancin Amurka daga haɗuwar abubuwa da dama: tsofaffin waƙoƙin labari da baƙin haure daga Ingila da Sikotlan da Ayalan suka zo da su, da waƙoƙin coci, da kiɗan bulus na baƙaƙen fata. Kayan kiɗansa na asali gogen Turawa ne, da jita, da banjo. Ita banjon nan asalinta Afirka ta Yamma. Bayin da aka kwashe ne suka ƙera ta da duma da fata a tsibiran Karibiyan da Amurka, bisa tsarin kayan kiɗa masu tsirkiya irin akonting na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya. Duk wanda ya san gurmi, in ya ga tsohuwar banjo ta duma zai gane dangi.

Kamfanonin faifai ne suka raba wannan gado gida biyu a shekarun 1920, kuma da launin fatar mai saye suka yi rabon. Faifan da aka nufi talakawan Turawan karkara da shi aka ba shi suna ɗaya, wanda aka nufi baƙaƙe da shi aka ba shi wani, ko da kuwa makaɗan suna koyo daga juna. A 1930 Louis Armstrong ya busa ƙaho a faifan Jimmie Rodgers, mutumin da ake kira uban kantiri. A 1949 mujallar Billboard ta sauya wa jadawalanta biyu na jera waƙoƙin da suka fi kasuwa suna, amma katangar ta zauna daram.

Don haka idan aka ce waƙa ta kantiri ce a Amurka ta yau, maganar ta wuce sautin da kunne ke ji. Ana nufin wani rukunin gidajen rediyo ne, da jadawali na musamman a Billboard, da kyaututtukan CMA, ƙungiyar masu sana'ar kiɗan kantiri, da tarin marubuta waƙa da makaɗa da furodusoshi da ke zaune a birnin Nashville na jihar Tennessee. Rok ma yana da nasa gidajen rediyo da nasa masu tsaron ƙofa. Tsallake salo yana nufin barin kasuwar da kake da rumfa zuwa wadda ba ka da ita.

## Yadda maganar ta faro

A farkon 2022 aka saka sunan Dolly cikin waɗanda za a iya zaɓa su shiga Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwanayen rok da ke Cleveland. A watan Maris ta fito ta roƙi a cire sunanta, tana ganin ba ta yi aikin da ya cancanci wannan matsayi ba, ta kuma ce abin ya sa mata sha'awar yin kundin rok nan gaba. Masu zauren suka ƙi cirewa, don an riga an aika takardun zaɓe, kuma a wurinsu rok ya samo tushe daga kantiri da bulus. Suna da hujja: Jimmie Rodgers da Hank Williams da Johnny Cash duk suna ciki tun da daɗewa. Aka zaɓe ta, ta karɓa, aka yi bikin ranar 5 ga Nuwamban 2022 a Los Angeles.

Wanda ya duba hoton daren nan ya ga wasu daga cikin baƙin kundin tun kafin a fara shi. Mawaƙiya Pink ce ta gabatar da ita. Pat Benatar da Simon Le Bon na ƙungiyar Duran Duran da Rob Halford na Judas Priest duk a daren aka karrama su tare da ita. Wajen ƙarshen taro, Halford, sanye da baƙaƙen kayan fata masu ƙusoshin ƙarfe, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita suna rera waƙarta Jolene. Dukansu sun fito a Rockstar bayan shekara guda. Akwai kuma dalili na cikin gida: mijinta Carl Dean, wanda ya rasu a watan Maris na 2025, masoyin rok ne na gaske, kuma ta sha faɗin cewa da shi a ranta ta zaɓi wasu waƙoƙin.

Batun cewa ta bar gida kuwa, ba yau ta fara leƙa waje ba. Tun shekarun 1970 ta fara yin waƙoƙin da suka shiga jadawalin gama-gari, kuma Islands in the Stream da ta yi da Kenny Rogers a 1983 'yan ƙungiyar Bee Gees ne suka rubuta ta.

## Baƙon da shi ne mai masauki

A bayan faifai ana rubuta sunan wanda aka gayyato a matsayin baƙo. A zahiri aikin mai masauki yake yi. Fatake sun san wannan tun zamanin ayari: in ka isa garin da ba a san ka ba, wurin fatoma kake sauka, shi zai tsaya maka, shi zai haɗa ka da masu saye, kuma amanar da aka ba shi ita ce jarinka har a san ka. Da ɗan gari akan ci gari. Idan Steven Tyler ko Joan Jett suka sa murya a waƙar Dolly, saƙon da ke isa ga masoyin rok shi ne: namu ya yarda da ita.

Wannan tsayawa tana da amfani na zahiri a manhajojin sauraro irin su Spotify. Waƙar da ke ɗauke da suna biyu tana bayyana a shafin mutum biyu, tana shiga jerin sababbin waƙoƙi na mabiyan kowannensu. Kowane baƙo kuma labari ne na daban ga 'yan jarida. Shi ya sa dabarar ta daɗe tana ci. Frank Sinatra ya yi ta a 1993. Reba McEntire ta yi ta a 2007 da su Kelly Clarkson da Justin Timberlake, ta hau lamba ɗaya a babban jadawalin Billboard karon farko a rayuwarta. Lionel Richie ya bi hanyar ta baya a 2012: ya ɗauki tsofaffin waƙoƙinsa ya sake rera su da taurarin Nashville a kundin Tuskegee, shi ma ya kai lamba ɗaya.

## Yadda ake haɗa murya biyu a waƙa guda

Abu na farko da ake yankewa, kafin a kaɗa ko tsirkiya ɗaya, shi ne mazaunin waƙar, wato tsayin sautin da za a kafa ta a kai, abin da 'yan situdiyo ke ce wa kii. A jikin fiyano, daga wani sauti zuwa inda ya sake maimaita kansa a sama akwai taki 12. Inda muryar namiji ke sakewa da inda ta mace ke sakewa yawanci suna da tazarar taki 5 zuwa 7. Nan ne wahalar take, domin mafi yawan waƙoƙin rok da Dolly ta ɗauko maza ne suka rubuta su daidai da maƙogwaronsu. In an bar waƙar a mazauninta na asali, macen za ta yi ta gurnani a ƙasa, ko kuma ta haura taki 12 cif ta koma tsiwa. In an ɗaga domin ta, namijin, wanda wataƙila ya haura saba'in, ba zai kamo sautin da ya kamo yana ɗan talatin ba.

Mafita uku ce. Ko a tsaya tsakiya kowa ya ɗan takura, ko a bar ɗaya ya ja waƙar ɗayan ya riƙa bin sa da sautin da ya dace a sama, ko kuma a sauya mazauni a tsakiyar waƙa idan baitin mutum na biyu ya zo. Ta ukun ta fi wuya amma ta fi daɗi, kuma ita aka yi a Islands in the Stream: Kenny ya fara a mazauni ɗaya, da baitin Dolly ya zo sai kiɗan gaba ɗaya ya juya zuwa inda muryarta ke haske. Makaɗan Nashville suna da dabarar da ke sauƙaƙa wannan. Ba sa rubuta sunayen sautuka a takarda, lambobi suke rubutawa, 1 da 4 da 5 da sauransu, gwargwadon matsayin kowane sauti a cikin mazaunin. In furodusa ya ce a sauko da taki biyu, takardar ba ta canzawa, hannu ne kawai ke matsawa. A garin da ƙa'idar ƙungiyar makaɗa ta sa zama ɗaya awa uku ne, kuma ake biya bisa zama, wannan ba ƙaramin tanadi ba ne.

Bayan haka sai a ɗauki kiɗan. Mai ganga yana jin wani ɗan ƙwanƙwasa a kunnensa wanda ke riƙe gudun waƙar kada ya ƙaru ko ya ragu, domin duk wanda zai ɗora murya daga baya a wani gari da wannan ma'aunin zai yi aiki. Mai kundin takan rera waƙar gaba ɗaya a matsayin jagora, har da ɓangaren baƙon, don ya ji inda zai shiga da inda zai fita. Sai a tura masa kiɗan ta intanet. Ya shiga situdiyon da ke kusa da shi, a Landan ko Los Angeles, ya rera nasa sau biyar ko shida, injiniyansa ya tsinto layi mafi kyau daga kowane ɗauka ya ɗinke su, a mayar Nashville wurin furodusa, wanda a Rockstar shi ne Kent Wells. Wasu baƙin sukan zo da kansu a yi gaba da gaba, amma a kundi mai mutane masu yawa haka, turawa ita ce hanyar da ta fi yawa a wannan sana'a. Ko kundin Sinatra na 1993 ta layin waya na musamman baƙinsa suka aiko da muryoyinsu.

Misali mafi nisa a Rockstar shi ne Free Bird, waƙar rufewa. Muryar namijin da ke ciki ta Ronnie Van Zant ce, mawaƙin ƙungiyar Lynyrd Skynyrd mai waƙar ta asali, wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama a watan Oktoban 1977. Daga tsohon ɗauka aka ciro ta da izinin iyalinsa. Mai jitar, Gary Rossington, ya ɗauki nasa kafin rasuwarsa a watan Maris na 2023. A irin wannan babu zancen sasanta mazauni ko gudu. Mai rai ce za ta bi mamaci taki bayan taki.

## Inda ake samun tangarɗa

Kuskuren da ya fi yawa na fasaha ne, kuma ƙarami ne a ido. Situdiyo ɗaya ya ɗauki sauti a ma'aunin 48,000 a daƙiƙa, ɗayan ya buɗe shi a 44,100 ba tare da ya juya shi ba. Nan take muryar za ta yi nauyi, ta sauka da kusan taki ɗaya da rabi, ta kuma ja baya da kimanin kashi 8 cikin ɗari. Haka idan fayil ɗin baƙon bai fara daga daƙiƙar farko ta waƙar ba, sai injiniya ya yi ta lalube da kunne. Kuma in an ɗauki kiɗa a mazaunin da bai yi wa baƙo ba, ana iya matsar da shi da kwamfuta, amma da an wuce taki ɗaya ko biyu sautin jita da kuge sai ya fara yin wani iri, dole a sake kiran makaɗa a sake biya.

Sai bambancin ɗaki da makirfo. Wannan ta rera a ƙaramin ɗaki mai shanye sauti, wancan ya rera a babban zaure mai amsa-kuwwa. In aka jera su kunne zai ji mutum biyu a wuri biyu. Maganinsa shi ne a nemi baƙo ya turo muryarsa tsura, ba ado ko kaɗan, sannan a zuba wa muryoyin biyu amsa-kuwwa iri ɗaya lokacin tacewa. Abin da kwamfuta ba ta iya gyarawa sosai shi ne numfashi. Mutum biyu da ke kallon juna tare suke jan iska, tare suke sakin ƙarshen kalma. Mawaƙin kantiri yakan ɗan jinkirta kalma yana lanƙwasa ta, na rok yakan dake ta a kan ganga. In ba su taɓa jin juna a ɗaki ba, layin da suka haɗu a kai yakan fito da baki biyu.

Amma babbar matsalar a rubutun waƙar take. Mai sauraron waƙoƙin finafinan Hausa ya san yadda waƙar mutum biyu ta gaskiya take: namiji ya faɗi nasa, mace ta mayar masa, kowane baiti amsa ne ga wanda ya gabace shi. Yawancin manyan waƙoƙin rok ba haka aka gina su ba, zancen zuci ne na mutum ɗaya. Every Breath You Take, wadda Dolly ta yi da Sting, shi kansa marubucin ya sha bayyana cewa magana ce ta mai kishi da ke bibiyar wadda ta bar shi. In aka raba ta biyu aka yi ta cikin fara'a, zafin da ya sa ta zama abin da ta zama ya tafi. Inda kundin ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne inda aka rage kaya aka bar muryoyi su yi aiki, kamar Long As I Can See the Light da John Fogerty, wadda dama tana da ƙamshin waƙar coci, gidan da su biyun suka sani. Masu sukar da suka ce kundin ya yi kama da bin waƙar wani a gidan biki suna da gaskiya a kan waƙoƙin da aka kwafi tsarin kiɗansu na asali kusan ƙwaya da ƙwaya. Mace mai irin wannan alƙalami da irin wannan kunne ta cancanci a bar ta ta rushe waƙoƙin ta sake gina su da banjo da goge, kamar yadda ta yi wa Stairway to Heaven, waƙar rok ta ƙungiyar Led Zeppelin, a 2002.

## Wa ke da me, wa ke cin me

Kowace waƙa da ke faifai dukiya biyu ce. Akwai rubutun, wato kalmomi da karin, mallakar marubuci da kamfanin da ke kula masa. Akwai kuma ɗaukan, wato sautin da aka naɗa, mallakar wanda ya biya kuɗin situdiyo. Dolly ta san wannan bambanci fiye da kowa. A shekarun 1970 Elvis Presley ya so ya rera waƙarta I Will Always Love You, manajansa Kanar Tom Parker ya ce sai an ba su rabin haƙƙin rubutun, ta ƙi. Da Whitney Houston ta rera ta a 1992 ta yi mako 14 a lamba ɗaya, kason marubuci bai ragu da ko sisi ba.

A Rockstar lissafin ya juya. Waƙoƙi 9 ne nata, 21 na wasu. Dokar Amurka ta ba kowa damar sake rera waƙar da aka riga aka fitar ba tare da neman yardar marubucin ba, muddin zai biya farashin da hukuma ta yanka kuma bai sauya ainihin karin ko ruhin waƙar ba. Farashin ya tsaya a senti 9.1 kan kowace waƙa a kowane kwafi daga 2006 har ƙarshen 2022, sannan ya koma senti 12 a Janairun 2023, ko senti 2.31 kan kowane minti idan waƙar ta wuce minti biyar. A wannan farashi, waƙoƙi 21 sun kama aƙalla dala 2.52 a kowane kwafi, kuma dogaye irin Free Bird, mai sama da minti goma, suna cin kusan ninki biyu. Wannan dama ba ta haɗa da bidiyo ba, ba ta kuma haɗa da sauya kalmomi ba. Waɗannan sai an zauna an yi ciniki. Da Beyoncé ta sauya baitocin Jolene a 2024, sai da yardar mai waƙar.

Shi kuma baƙo yawanci yana da kwantiragi da wani kamfani wanda ya mallaki muryarsa a faifai. Sai kamfanin ya sa hannu ya sake shi, shi ya sa ake ganin ɗan rubutu a bayan faifai cewa wane ya fito da izinin kamfani kaza. Takardar takan fayyace ko za a iya fitar da waƙar ita kaɗai a tallata ta, ko za a sa hotonsa, da kuma lokacin da za ta fita don kada ta yi karo da nasa kundin. Waƙoƙi da yawa da aka gama ɗauka sun mutu a wannan mataki. Wasu kuma lokaci ne ke hana su: Dolly ta so Mick Jagger na ƙungiyar Rolling Stones, ba a samu daidaita ba, ta yi waƙarsu Satisfaction da Pink da Brandi Carlile.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: gidajen rediyon AM da FM a Amurka marubuci kawai suke biya, mai rerawa ba ya samun komai. Rediyon tauraron ɗan'adam da na intanet su ne ke biyan masu murya ta hannun SoundExchange, ƙungiyar da ke karɓar kuɗin tana rabawa, inda kashi 50 ke zuwa ga mai ɗaukan, 45 ga mawaƙan da sunansu ke kan waƙar, 5 ga makaɗa da 'yan amshi. A waƙar mutum biyu, 45 ɗin nan ake rabawa.

## Me ya sa har waƙa 30?

Kundin ya haura awa biyu da minti ashirin, faifan garmaho huɗu ko CD biyu. Tsawon yana da alaƙa da yadda Billboard ke ƙirga a lokacin: sayen kundi ɗaya daidai yake da sauraro 1,250 na masu biyan kuɗin manhaja, ko 3,750 na masu saurare kyauta da talla. Yawan waƙoƙi yana ƙara yawan sauraro. Sai dai a wurin Dolly ba nan ƙarfin ya fito ba. A makon farko kundin ya tara kwatankwacin kwafi 128,000 a Amurka, kuma kusan 118,000 daga ciki saye ne na gaske, mutane suka fitar da kuɗi suka ɗauki faifai, wanda aka buga da launuka da bangaye daban-daban don masu tarawa. Ya shiga a lamba 3 a babban jadawali, matsayi mafi girma da ta taɓa kaiwa, ya kuma hau kan jadawalin kantiri da na rok a lokaci guda. Wannan na nuna cewa tsofaffin masoyanta ba su ji an yashe su ba, su ne ma suka ɗauki nauyin tafiyar.

## Ƙofar ba ɗaya take buɗe wa kowa ba

An karɓi Dolly a gidan rok hannu bibbiyu. Masu shigowa kantiri daga waje ba duka suka ga haka ba. A watan Maris na 2019 Billboard ta cire Old Town Road ta Lil Nas X, wani mawaƙi baƙar fata, daga jadawalin kantiri, ta ce ba ta da isassun siffofin salon. Ya ɗauko mawaƙin kantiri Billy Ray Cyrus suka sake yin ta tare, ta yi mako 19 a lamba ɗaya a jadawalin gama-gari. A 2024 Beyoncé ta fitar da kundin Cowboy Carter da muryoyin Dolly da Willie Nelson da Linda Martell a ciki, ta zama baƙar mace ta farko da ta hau kan jadawalin kundin kantiri, amma CMA ba ta saka ta a ko rukuni ɗaya ba. A shekarar Post Malone, farar fata, ya fitar da nasa kundin haɗakar, har da waƙa da Dolly, rediyon kantiri ya rungume shi, CMA ta saka sunansa.

Ɓangare ɗaya na cewa launin fata ne, kuma tarihi yana ba su abin riƙewa: a 1966 kamfanin RCA ya aika waƙoƙin farko na Charley Pride, mawaƙin kantiri baƙar fata, gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba. Ɗaya ɓangaren na cewa Nashville gari ne mai son a zo a zauna, a yi rubutu da marubutansa, a zaga gidajen rediyonsa ana gaisawa, kuma Post Malone ya yi hakan. Suna kuma nuna Shaboozey, baƙar fata, wanda rediyon kantiri ya kai waƙarsa lamba ɗaya a 2024. Duka biyun suna da ƙamshin gaskiya, amma sharaɗin a zo a gaishe mu ya fi nauyi a kan wanda kakanninsa suka kawo banjo aka kuma rufe musu ƙofa. Grammy ta ba Beyoncé kyautar kundin kantiri da ta kundin shekara a Fabrairun 2025, bayan 'yan watanni kuma aka raba rukunin kantiri gida biyu, na gargajiya da na zamani.

Shi ma Rockstar bai tsira daga wannan tambaya ba. Rok ya fito daga hannun baƙaƙen fata irin su Chuck Berry da Little Richard, amma a waƙoƙi 30 baƙar fatar da ta fi fitowa fili cikin baƙi ita ce Lizzo, kuma sarewa ta busa. Wannan giɓi ne na gaske. Wasu masoyan kuma sun ji haushin ganin Kid Rock saboda zafin siyasarsa, ita kuwa ta bar waƙar a ciki.

## Abin da ya shafi mai sauraro da ƙananan ma'aikata

Wanda ya fi cin riba a ɓoye shi ne marubucin tsohuwar waƙa ko magadansa, domin kuɗi na shigo musu ba tare da sun ɗaga yatsa ba, kuma sabon rerawa yakan tura matasa neman na asalin. Makaɗan situdiyo suna samun aiki, amma akasari kuɗin zama ake ba su. Wanda abin ke matsa wa shi ne sabon mawaƙi mai murya ɗaya da suna ɗaya, domin gurbin da ke jerin waƙoƙin manhaja da na rediyo ƙididdigagge ne, kuma waƙar taurari biyu ta riga shi da mabiya ninki biyu.

Mai sauraro da ke son ya gane ko muryoyin sun haɗu da gaske, ya sa abin ji a kunne ya saurari layin da suke rerawa tare, musamman ƙarshen kalmomi da inda ake jan numfashi. Ya kuma lura ko baiti na biyu yana amsa na farko, ko kuwa ci gaba ne kawai da wata murya.

Matashin mawaƙi a Kano ko Maraɗi da ke son ya sake rera ɗaya daga cikin waɗannan waƙoƙi ya sani cewa damar sake rerawar nan dokar Amurka ce, kuma sauti kawai ta shafa. In ya ɗora bidiyonsa a YouTube, na'urar tantance haƙƙin mallaka tana iya gano karin, ta karkatar da kuɗin tallar zuwa ga masu rubutun ko ta toshe bidiyon a wasu ƙasashe. In kuma haɗaka zai yi da mawaƙin wani salo, to a tsayar da mazaunin waƙar da muryoyin biyu kafin a buga kiɗa, a amince da ma'aunin ɗauka ɗaya tsakanin situdiyo biyu, a kuma rubuta kason kowa na rubutu da na ɗauka a takarda, da sa hannu, tun waƙar ba ta fita ba.